Kafin Ka Tafi Japan Koyon Judo

Ɗana, na ji ka ƙudiri niyyar zuwa Japan koyon judo. Allah ya sa albarka. Zauna mu ɗan yi magana kafin ka yanki tikiti.

Makarantar da kake hari, Kodokan ta birnin Tokyo, Jigoro Kano ne ya kafa ta a 1882 da ɗalibai ƙalilan, kuma har gobe ba ta sauya darasinta na farko ba: faɗuwa. Za ka daɗe kana zubewa kan tabarma, kana koyon marin ƙasa da hannu da manne haɓa a ƙirji don kada ƙeyarka ta bugu, kafin a bar ka ka ɗaga kowa. Kai da ka saba kokawar dandali, inda wanda ya sha ƙasa yake shan ihu, abin zai yi maka ɗaci. Ka daure. Wanda bai iya faɗuwa ba, tsoron karaya ke riƙe masa ƙafa, ba ya kai hari da zuciya ɗaya. Idan dattijo mai furfura ya kayar da kai sau biyar a jere, ka sunkuya ka gode masa, ka sake kama rigarsa.

A watan Janairu suna da horon sanyi tun kafin gari ya waye, ƙafa ba takalmi. Hunturunmu wasa ne.

Sai batun gaisuwa, wanda ya fi damuna. Akwai wadda ake yi a tsaye, akwai ta durƙuso, a dafa ƙasa a sunkuyar da kai, wani lokaci ana fuskantar hoton wanda ya kafa makaranta. Ka tambayi malaminka tun a gida iyakar abin da ya halatta gare ka. Idan ka isa, ka samu mai koyarwa a keɓe ranar farko ka yi masa bayani cikin ladabi. Kada ka bari sai an jeru sannan ka ƙame kai kaɗai. Abinci ma sai da tambaya, don romon taliyarsu sau da yawa na ƙashin alade ne, miya kuma akan ɗiga mata giyar shinkafa. Juma'a kuwa akwai masallacin Tokyo Camii, kusa da tashar Yoyogi-Uehara.

Bizar da za ka nema, ta koyon al'adu, ba ta aikin albashi ba ce, sai ka nemi izini daban wurin hukumar shige da fice. Tokyo kuma da tsada, musamman ɗaki. Ka haɗa guzurin wata shida a hannu tukuna, ka zo mu lissafa tare.