Darasin Kimiyya: Gayyar Kwamfuta da Lafiyar Huhu

Ɗalibai, wanda ya taɓa tsayawa wurin sussukar dawa ko kusa da injin gurzar auduga a Funtuwa ya san yadda ƙura ke sa tari. To, ina ƙurar nan take zuwa idan mun shaƙe ta?

Huhu kamar bishiya ce da aka kife. Maƙogwaro ne gindinta, yana rabuwa gida biyu, kowane reshe ya sake rabuwa, har kusan sau 23. A ƙarshen rassan akwai ƙananan jakunkunan iska, miliyan ɗaruruwa, inda iska ke shiga jini. Manyan ƙwayoyin ƙura suna maƙalewa a hanci da maƙogwaro, amma ƙanana suna kutsawa har can ciki.

Likita ba zai tsaga ƙirjin mai rai don ya bi sawun ƙura ba. Shi ya sa masana ke ɗaukar hoton huhu, su gina kwatankwacinsa a kwamfuta, su yanka shi gutsi-gutsi har miliyoyi, sannan su lissafa gudun iska a kowane gutsure.

Matsalar ita ce lokaci. Babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato CPU, kamar manoma ƙarfafa ne 'yan kaɗan. Ita kuwa GPU, wadda aka ƙera don zanen wasannin bidiyo, tana da ƙananan ma'aikata dubbai. Gayya ke nan: kowa ya kama kunyarsa, a tashi gonar tare. Tun da kamfanin Nvidia ya fito da manhajar CUDA a 2007, masana ke amfani da wannan gayya, lissafi mai cin kwanaki yakan ragu zuwa sa'o'i. Sharaɗin shi ne aikin ya rabu, kamar yadda gona ke rabuwa kunya-kunya.

Da irin wannan lissafi ake gane inda ƙura ke taruwa, da yadda maganin shaƙa na masu asma zai isa inda ake so. Da GPU kuma ake horar da manhajojin da ke duba hoton ƙirji don gano tarin fuka, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a 2021.

Namu aikin: a rufe hanci lokacin shiƙa da hazon hunturu. Tarin da ya kai mako biyu kuwa, a garzaya asibiti. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Tambayar mako: wane aikin gona ne gayya ba ta iya gaggauta shi, kuma me ya sa?