Ka duba gindin katangar kafin damina

A watan Yunin 2023 ruwa ya mamaye gidaje a rukunin Trademore da ke Lugbe, har Hukumar Babban Birnin Tarayya ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i. Duk mai katanga ko kwalbati a bakin rafi a Lugbe, rani ne lokacin bincike, tun kafin ruwan Afrilu.

A Legas gishirin teku ne ke cin rodi. A nan ƙarfin ruwa ne ke rarake ƙasa, saboda haka ka fara daga gindi. Ka sauka cikin rafin, ka zura sanda ƙarƙashin tushe. In ta shige, ruwa ya riga ya yi maka ɓarna, ko da fuskar katangar na sheƙi. Abin da ke damuna ke nan: mutane na kashe kuɗi a filasta da fenti, alhali tushe na rataye.

Ka ƙwanƙwasa kankare da guduma. Inda ya yi amo kamar ganga, mai yiwuwa rodi ya yi tsatsa ya kumbura a ciki. Tsaga kuwa, ka shafa mata ɗan siminti a gicciye, ka rubuta kwanan wata. In ya sake tsagewa, ko katangar ta karkata, motsi take yi, sai a nemo injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN, kada a bar wa birkila.

Wajen gyara, tushe ne farko, sannan a buɗe ramukan fitar ruwa da suka toshe, a yashe kwalbati. Filasta ta jira.