Me Ya Sa Littattafan Yaƙi Ke Kama Zuciya?

Wannan tambaya ta fito daga wani mai sauraronmu a Damagaram. Ya ce: don Allah me ya sa matasa ke kwana kan littattafan jarumai da aljanu, kuma yaushe aka fara rubuta irinsu da Hausa?

To, Malam, mun gode. Abin ya daɗe. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai. Cikin waɗanda suka yi nasara akwai Ganɗoki na Bello Kagara, wanda aka buga a 1934. Jarumin littafin, Ganɗoki, ya gwabza da Turawa, sannan labari ya kai shi duniyar aljanu. Bayansa Ahmadu Ingawa ya fito da Iliya Ɗan Maikarfi, wanda tushensa jarumin tatsuniyar Rasha ne, Iliya Muromets. A zamaninmu kuwa, Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya yi fice a wannan fanni.

Game da abin da ke sa matasa kwana kansu kuwa, sirri na farko gudun labari ne. Kafin ƙurar wannan gumurzu ta lafa, an sake zare takobi, kuma babi yakan ƙare ne daidai lokacin da jarumi ke bakin halaka. Na biyu, taurarin ba sa mantuwa: kowa da makaminsa, da dokinsa, da kirarinsa, da rauninsa. Iliya ya tashi gurgu ne kafin ya zama gagara-badau, shi ya sa mai karatu ke jin shi a jika. Na uku, kunnen Bahaushe ya riga ya saba da tatsuniya da kirarin mafarauta. Sannan a waɗannan littattafai azzalumi yakan gamu da gamonsa, abin da ba kullum ake gani a zahiri ba.