Darasi: Wayarka ƙofar gidanka ce



A da, baƙo sai ya tsaya a zaure ya yi sallama kafin ya ga mai gida. Yau ga wayar salula a aljihun kowa. Wanda duk ya samu lambarka yana iya iske ka har cikin ɗaki, ko da tsakar dare. Don haka darasinmu na wanga wata shi ne yadda za mu tsare wannan ƙofa.

1. Mi waya take nunawa?

In an kira ka, lambar mai kira tana fitowa a fuskar wayarka. In kai ka kira, taka tana fitowa a tasa. Lambar waya a Nijar tana da alƙaluma 8. Kiran da ya fito daga wata ƙasa yana farawa da + ko 00, sannan lambar ƙasar: Najeriya 234, Gana 233, Kwaddibuwa 225, Libiya 218, Aljeriya 213. Tamu ita ce 227.

Mu riƙe waɗannan lambobi, don ƴaƴanmu da yawa suna ci-rani a can. Amma in wata baƙuwar lamba ta waje ta buga sau ɗaya ta tsinke, kada ka maida kira. Sau da yawa tarko ne: kana kira, kuɗin wayarka suna zurarewa. Mai nemanka da gaske zai sake kira.

2. Yadda ake ɓoye lamba

Wani lokaci kana so ka kira wanda ba ka sani ba, misali ka tambayi farashin albasa ko na taki, kuma ba ka so ya aje lambarka. Sai ka danna #31# sannan ka rubuta lambarsa, ka kira. A yawancin layuka lambarka ba za ta fito ba. Kiran nan ɗaya kawai yake ɓoyewa. Wannan dabara tana da amfani ƙwarai ga mata da ƴan mata, waɗanda ake yawan damu da kira.

Sai dai mu san abu biyu. Mutane da yawa ba su ɗaukar kiran da ba lamba. Kuma kamfanin waya ya san wanda ya kira. Wanda ya ɓoye lamba don zagi ko tsoratarwa, hukuma tana iya gano shi.

3. Masu talla da masu zamba

Akwai kiran talla. Murya ce ta na'ura, tana cewa ka danna kaza ka samu waƙa ko labari. In ka danna, ana iya cire maka kuɗi kowace rana. In ba ka so, katse kiran. In ka ga kuɗinka suna raguwa ba dalili, tafi ofishin kamfanin a cire ka.

Akwai kuma kiran zamba, shi ya fi muni. Wani ya ce ka ci kyautar babur, amma ka fara aiko jika 10. Wani ya ce ɗanka yana asibiti, aiko kuɗin magani maza maza. Wani ya ce ya tura maka kuɗi bisa kuskure, ka maido masa. Duka suna son ka yi gaggawa, kada ka samu lokacin shawara. Ko da ya ambaci sunanka da na garinku, wannan ba shaida ba ce. Suna da lamba suna yawo hannu hannu.

4. Abin da ya kamata mu yi

- Kada ka faɗa wa kowa lambar sirri ta asusun kuɗinka. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayarta a waya.
- In an ce ɗan uwanka yana cikin wahala, katse, ka kira shi da kanka.
- Kada ka ba da lambar wani sai da izninsa.
- Yi rajistar layinka da katin shaidarka, kada ka yi wa baƙo da sunanka.
- In ka kai waya caji a kasuwa, kulle ta ko ka cire layin.
- Lambar da ta dame ka, sa a nuna maka yadda ake toshe ta.
- Koya wa yara kada su gaya wa mai kira cewa mai gida ya yi tafiya.

5. Doka tana bayanmu

A shekarar 2017 ƙasarmu ta yi dokar kare bayanan mutane, a 2019 kuma ta yi dokar hukunta laifuffukan da ake yi ta waya da intanet. In an cuce ka, kada kunya ta sa ka yi shiru. Kada ka goge lambar da saƙon. Kai su wurin ƴan sanda ko jandarmomi, ka kuma sanar da mai gari don a gargaɗi jama'a.

Ga amfanin yaƙi da jahilci: wanda ya iya karanta lamba da saƙo da kansa, ba ya miƙa wa kowa asirinsa.

Tambayoyin tattaunawa a aji

1. Alƙaluma nawa ne a lambar wayar Nijar?
2. Mi ake dannawa don ɓoye lamba?
3. An kira ka an ce ka ci kyauta, mi za ka yi?