Daji Ba Ya Tsare Kansa

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ka tara hankalinka wuri ɗaya in gaya maka wata magana. Ina jin yadda ku samarin yanzu kuke raina aikin daji, har idan aka ɗauki ɗayanku a sashen gandun daji na ƙaramar hukuma sai abokansa su yi ta yi masa tsiya, wai an tura shi gadin itace. Ban ga laifinku sosai ba, domin kun buɗe ido kun tarar da ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan gona ta haɗe da gona, rake a fadama, masara da tumatir da barkono a ko'ina, ga inabi ya shigo Kudan, saboda haka ba ku san cewa ɗan abin da ya rage na kurmi da makiyaya da burtali wasu mutane ne suka tsaya a kansa har ya kawo yau ba. Su nake so in nuna maka ɗaya bayan ɗaya, da irin halin da aikin kowannensu yake nema.

Ka fara sanin cewa keɓe ƙasa domin amfanin jama'a tsohon abu ne a wurinmu. Kowane gari yana da huruminsa, akwai mashaya da ba a nomawa, akwai burtalin da shanu ke bi, kuma kowa ya san iyakarsu. Da Turawa suka zo sai suka sa abin a takarda, suka yanka gandayen daji suka damƙa yawancinsu a hannun En'e. Dajin Kamuku da ke Birnin Gwari a 1936 aka keɓe shi, a 1999 ya zama gandun ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100. Dajin Falgore kuwa, wanda ke nan maƙwabtanmu a jihar Kano ta wajen Tudun Wada da Doguwa, ta cikinsa Kogin Kano yake bi kafin ya zuba a madatsar Tiga, saboda haka mai noman rani a Kadawa da Kura yana cin albarkar itatuwan da bai taɓa gani ba. A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya. Duk waɗannan dokoki suna nan, ɗana, amma doka ba ta da ƙafar da za ta zaga daji, sai an sami mutum.

Mutum na farko shi ne malamin daji, tare da masu gadin da ke ƙarƙashinsa. Su ne ke sintiri, su san kowane turken iyaka da inda yake, su lura da gonar da ta ci taku biyu cikin gandu bana, domin idan aka kawar da kai baɗi taku ashirin za ta ci. Da an gama kaka, ciyawa ta fara bushewa, su ne ke share hanyar wuta a gefen gandu, wani lokaci su sa wuta da wuri da gangan tun ciyawa na da sauran danshi, domin kada gobarar tsakiyar hunturu ta zo ta cinye ƙananan itatuwa. Ta hannunsu ake neman takardar izinin sare itace, su je su ga itacen da idonsu kafin a sa masa gatari. Aiki ne na ƙafa da rana da ƙaya, kuma jarrabawarsa ba a gaban mutane take zuwa ba. Da dare take zuwa, lokacin da motar gawayi ta tsaya, direba ya miƙo hannu ta taga da abin da ya fi albashin wata, babu mai gani sai Allah. Wanda ya karɓa sau ɗaya ya sayar da bakinsa, domin gobe ba shi da idon da zai ɗaga ya kalli wannan direba ya ce masa a'a.

Bayansa akwai waɗanda ba a cika tunawa da su ba. Akwai mai renon itatuwa, wanda ke cika leda da ƙasa da taki tun cikin rani, ya shuka iri, ya yi ta ban ruwa safe da yamma, domin dashe ya isa fita da faɗuwar damina. Shi ne zai gaya maka cewa dasa itace ba wuya, raya shi ne aiki, domin akuya da gara da rani uku na farko su ne ke raba dashen gaskiya da na bikin ɗaukar hoto. Akwai safiyo mai awo da taswira, akwai kuma akawun da ke riƙe da fayil a ofis, kada ka raina su, saboda ranar da rigimar iyaka ta kai gaban alƙali, takardar da wani ya adana shekara arba'in ita ce za ta yi magana, idan kuwa an bar gara ta cinye ta, ko an ɓatar da ita da gangan, to gandu ya tafi ba tare da an sare ko reshe ɗaya ba. Akwai masu bincike irin na tashar binciken itatuwan savana da ke Samaru, masu gwada wane iri ne zai jure ƙasarmu. Idan kana son ilimin abin sosai, ga kwalejin koyon aikin daji a Afaka kusa da Kaduna, ga wata a Jos, ga ta namun daji a New Bussa. Ilimi ne mai zaman kansa, ɗana, ana shiga aji a koye shi kamar kowane.

Sai dai a ƙasa irin tamu, inda mutane suka yi yawa kuma kowane taƙi yana da mai shi, ma'aikacin gwamnati shi kaɗai ba ya iya komai. Malamin gona yana da nasa rabon, domin shi ne zai shawo kan manomi ya bar ɗorawa da kaɗanya da gawo su tsaya a cikin gonarsa, ya kuma daina noma har bakin gaɓar rafi. Malamin dabbobi yana da nasa, domin makiyayin da ya sami rigakafi da mashaya a inda aka keɓe masa ba ya neman kutsawa inda aka hana shi. Mai unguwa da dagaci da hakimi su ne suka san asalin kowace gona daga Paki zuwa Gimi, daga Gazara zuwa Hunƙuyi da Likoro, kuma sa hannunsu yana iya tsare burtali, yana iya kashe shi. Ardo ya san hanyar da kakanninsa suka bi da shanu, sarkin noma ya san wanda ya matsa iyaka, sarkin baka ya san abin da ke motsi a dawa kafin labari ya iso gari. Saboda haka idan ka sami wannan aiki, kada kaki ya ruɗe ka ka wuce ƙofar waɗannan dattawa ba sallama. Ka je ka durƙusa ka gaishe su, ka tambaye su, ka yi haƙuri da doguwar maganarsu, domin abin da za su gaya maka a zaure ɗaya ba za ka same shi a fayil goma ba.

Ke ma ƴata da kike jin wannan magana, da ke nake. Mata ne ke tsintar ƙwarar kaɗanya su yi man kaɗe, su ne ke dafa kalwa su yi daddawa, su ne ke shanya ganyen kuka, saboda haka su ne ke fara sanin ranar da itacen da aka saba zuwa ya ɓace, da yadda tafiyar neman ƙirare take ƙara nisa kowace shekara. Ma'aikacin da bai saurari mata ba rabin labari yake da shi. Idan kuma Allah ya ba ki karatu, babu abin da ya hana ki zama mai renon itatuwa ko mai bincike ko mai wayar da kan jama'a, domin akwai gidajen da namiji ba zai shiga ya yi bayanin murhu mai tsimin itace ba, ke kuwa da sallama za ki shiga.

A saman duka akwai shugaba, wanda ke tsara aikin shekara, ya nemo kuɗi, ya raba wa kowa yankinsa, ya rubuta rahoto, ya kai mai laifi kotu. Babban aikinsa shi ne ya tsaya wa na ƙasa da shi, domin mai gadin da ya kama motar wani babba da dare, gari ya waye aka buga waya aka sake ta, har aka yi masa faɗa, ba zai ƙara kama kowa ba sai tsohuwa mai ɗan ƙunshin ƙirare. Wannan shi ne zaluncin da ya fi sa talaka ya tsani gandun daji. Malamanmu suna karantar da mu cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, da ya keɓe makiyaya domin dabbobin baitulmali, ya naɗa wani ƴantaccen bawansa mai suna Hunayyu ya kula da ita, ya kuma umarce shi da sassauta wa mutane da tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar masu ƴan dabbobi kaɗan su shiga, ya hana garken manyan attajirai shiga, domin su suna da wata dukiyar da za su koma gare ta. Ka duba yadda aka jera abin tun wancan zamani, a tsananta wa mai ƙarfi, a tausaya wa mai rauni. Mu kuwa sau da yawa juya shi muke yi.

Kada ka ɗauka sakacin waɗannan ma'aikata a kan itace kaɗai yake ƙarewa. Idan kurmin bakin rafi ya tafi, ruwan sama ya kwashe ƙasa ya yanka kwazazzabo, rafin da ke kai wa bazara ya ƙafe tun hunturu, mai rake da mai tumatir su fara faɗa a kan ɗan abin da ya saura. Idan aka nome burtali, saniya ba ta tashi sama, ta cikin gona za ta bi, kuma ka san abin da ke biyo baya. Dajin da ma'aikata suka janye daga cikinsa kuwa ba ya zama kango, wasu ne ke tarewa, kuma duk wanda ya ji abin da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka mayar da dazukan Birnin Gwari, ko fargabar da matafiya suka sha a hanyar Falgore, ya san ba tatsuniya nake yi ba. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince a sa Falgore cikin sababbin gandayen ƙasa guda 10, abin farin ciki ne, amma sauya suna ba ya sintiri, sai an sami mutanen kirki an biya su haƙƙinsu a kan lokaci.

Saboda haka, ɗana, idan aikin nan ya zo hannunka ka karɓe shi da mutunci, ka san iyakar yankinka da ƙafarka, ka rubuta gaskiya a rahotonka ko da ba mai karantawa, ka ci halalinka komai ƙanƙantarsa, ka kuma yi haƙuri, domin wanda ya dasa maɗaci ya san ba lallai shi ne zai sha inuwarsa ba. Idan kuma ba aikinka ba ne, to kada ka zama mai wahalar da masu yinsa. Kada ka sa wuta a dawa domin ɓera, kada ka matsa turken iyaka, kada ka roƙi dagaci ya yanka maka burtali. Ka bar wa ƴaƴanka ɗorawar da ka tarar a gonar mahaifinka, ka ƙara musu wata. Allah ya yi maka jagora, ya sa ka fi mu riƙon amana.