Darasi: Alamomin Gara a Itatuwan Gida

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, Allah Ya ba mu labarin Annabi Sulaimanu (AS) a cikin Suratu Saba'i, aya ta 14. Ya rasu yana dogare da sandarsa, aljannu suna ta aiki ba su sani ba, sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Halin gara ke nan har yau: tana cin itace daga ciki, ta bar bayansa kamar lafiya lau. Dalili kuwa jikinta taushi gare shi, ba ta jure rana da busasshiyar iska, shi ya sa take aiki a ɓoye.

Mu a nan ƙasar Gangara, galibin ɗakunanmu da masallatanmu na ƙasa ne, rufinsu kuma a kan itace yake. Idan damina ta sauka daga Yuni zuwa Satumba, ƙasar rufi takan sha ruwa ta ƙara nauyi, azarar da gara ta raraka sai ta karye, sau da yawa cikin dare iyali suna barci. Saboda haka ya kamata kowane maigida ya san alamomi guda biyar.

Ta farko, hanyar ƙasa. Za mu ga siririn gini na laka ya taso daga ƙasa ya bi bango ko dirka, ko kuwa ɓawon ƙasa ya lulluɓe itace. Mu karya kaɗan mu dawo bayan kwana ɗaya ko biyu. In an toshe wurin, to gara tana nan da ranta.

Ta biyu, amon itace. Mu ƙwanƙwasa azara da ƙotar gatari. Mai lafiya amonta a cike yake, wadda aka ci kuwa sai ta yi ƙara kamar ganga. Mu soka tsinin wuƙa. In ya shige ba wuya, muka tarar da ƙasa a ciki, aikin gara ne. Amma ƙananan huji zagayayyu masu zubo gari mai laushi, wannan aikin wani ƙwaro ne dabam.

Ta uku, ƴaƴan gara masu fiffike da ke fitowa bayan ruwan farko, su taru a wajen fitila. Fukafukansu huɗu ne, tsawonsu ɗaya. In daga daji suka zo, ba abin tsoro ba ne. In kuwa daga bangon ɗaki ko gindin ƙofa suke ɓullowa, gidansu yana ƙarƙashinmu.

Ta huɗu, ƙyauren da ya fara cijewa, ko rufin da ya lotsa a tsakiya, ko ƙasar da muke sharewa kullum a kan tabarma tana sake zubowa. Wannan ba ya jiran gobe: a fitar da yara daga ɗakin, a kira magini.

Ta biyar, gindin itacen da ya taɓa ƙasa, wato ƙafafun rumbu da dirkokin rumfa da danga. Mu tona kamar taƙi ɗaya mu duba, domin daga nan ɓarna take farawa. A masallaci kuma mu ɗaga tabarmi, mu duba akwatin Alƙur'anai da alluna.

Lokacin dubawa shi ne Afrilu da Mayu, kafin ruwa. Mu janye karan gero da itacen girki daga jikin bango, mu gyara indararo, domin damshi ne ke jawo ta. Mu ɗora rumbu a kan duwatsu. Wajen sauya itace, ƙirya da cikakkiyar giginya sun fi jure mata. Kada mu zuba guba kusa da hatsi ko rijiya sai da shawarar malaman gona.

Ran iyali amana ne a wuyanmu, tawakkali kuma ba ya hana riƙo da sababi. Wanda ya ga alama a gidan maƙwabcinsa ko a masallaci, ya faɗa. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.