Girma da Nauyin Farar Ƙwallo a Wasan Sinoka: Nazari Daga Arewacin Zamfara

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda girma da nauyin farar ƙwallo ke sauya sakamakon bugu a wasan da Hausawa ke kira sinoka. Ta nuna cewa kalmar ta haɗe wasanni uku masu ƙwallaye mabambanta, kuma rashin rarrabe su yana haifar da kuskure ga ɗan wasa da kuma mai tattara kalmomi.

1.0 Gabatarwa

Wasan sinoka ya zauna da gindinsa a garuruwan Hausa. A Ƙauran Namoda, inda layin dogo ya tuƙe tun 1929, kuma inda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ke tara matasa, ana ganin teburansa a rumfuna da kusa da gidajen kallon ƙwallo. Matashin da ya taso daga Galadi ko Shinkafi ko Zurmi yakan ci karo da teburin da bai saba da shi ba, sai ya ga hannunsa ya ƙi. Wani ya ɗora laifin a kan sanda, wani a kan karkatar tebur. Ba kasafai ake tuhumar farar ƙwallo ba, alhali ita kaɗai sanda ke taɓawa, kuma ta hanyarta duk wani bugu ke isa ga sauran ƙwallaye.

2.0 Kalma Ɗaya, Wasanni Uku

An aro kalmar sinoka daga sunan wasan da hafsoshin sojan Birtaniya suka ƙirƙiro a Jabalpur ta ƙasar Indiya a 1875. Ana yin sa da ƙwallaye 22: jajaye 15, masu wasu launuka 6, da fara 1. Faɗin kowace, idan aka auna ta tsakiya, milimita 52.5 ne.

Na biyu shi ne wasan ful na Amurka, mai ƙwallaye 15 masu lamba tare da fara. Faɗin kowace milimita 57.15 ne, nauyinta kuwa tsakanin giram 156 da 170. A ƙa'idar gasa, fara daidai take da sauran.

Na uku shi ne ful na Ingila, wanda ake yi a ƙaramin tebur. A nan ƙwallayen da ake jefawa rami suna da faɗin milimita 50.8, fara kuwa 47.6. Duk teburin da aka ga ƙwallaye 16 a kansa, to ful ake yi, ko da kowa a wurin yana cewa sinoka.

3.0 Dalilin Bambanta Fara

Bambancin ya samo asali ne daga teburin kuɗi, wanda sai an saka ɗan ƙarfe mai kama da sulai yake sakin ƙwallaye. Duk wadda ta faɗa rami tana maƙalewa a ciki har a sake biya. Fara kuwa dole ta dawo, in ba haka ba wasa ya tsaya. Saboda haka maƙeran tebur suka nemi hanyar da tebur zai gane ta. A Ingila aka rage girmanta don ta zurare ta wata kafa da sauran ba za su iya bi ba. A Amurka an daɗe ana amfani da babbar fara mai milimita 60.3, daga baya aka yawaita mai ƙarfe a ciki, wadda maganaɗisu ke janyewa gefe. Ke nan buƙatar mai tebur ce ta kawo bambancin.

Akwai kuma dalilai biyu na yau da kullum. Fara ce ke shan duka a kowane bugu, don haka ta fi sauran saurin zaizayewa. Haka nan idan ta ɓace ko ta fashe, mai tebur kan cike gurbinta da wadda ya samu a kasuwa, ko da ta wani jeri ce daban.

4.0 Abin da Lissafi Ya Nuna

Masana sun daɗe suna nazarin wannan wasa. Bafaranshen nan Coriolis ya wallafa littafi guda a kan lissafin motsin ƙwallayen wani wasan tebur mai kama da shi a 1835. Abubuwa huɗu suka shafi wannan nazari.

Na farko, nauyi. Idan da abu ɗaya aka ƙera ƙwallaye biyu, ɗan bambancin faɗi yana haifar da babban bambancin nauyi, domin ana ninka shi sau uku: tsawo da faɗi da kauri. Fara mai milimita 47.6 nauyinta kusan kashi 82 cikin 100 ne na abokiyarta mai 50.8. Babbar fara ta Amurka kuwa ta fi abokiyarta nauyi da kimanin kashi 17.

Na biyu, karo kai-tsaye. Idan nauyi ya zo ɗaya, kuma fara ta isa tana zamewa ba ta juyawa, za ta miƙa dukkan gudunta ga ɗayar ta tsaya cak. Ƙaramar fara takan koma da baya da kusan kashi 10 na gudunta, babbar kuwa ta ci gaba da kusan kashi 8. Wannan ne ya sa wanda ya koyi wasa da ƙaramar fara ke ganin jawo ta baya abu ne mai sauƙi, amma idan ya buge ta a sama don ta bi ƙwallon da ta doka, sai ta yi nawa. Mai babbar fara yana fama da akasin haka.

Na uku, karo ta gefe. Ƙwallaye masu nauyi ɗaya suna rabuwa a kusurwa mai digiri 90, muddin fara ba ta juyawa. Ƙwararru da wannan suke hasashen inda fara za ta kwanta. Da ƙaramar fara kusurwar na buɗewa ta wuce 90, da babba kuma tana tsukewa. Bambancin 'yan digiri ya isa ya kai fara rami, ɗan wasa ya yi asarar bugu.

Na huɗu, saiti. A lokacin karo, tazarar tsakiyar ƙwallaye biyu masu milimita 50.8 ita ce 50.8. Da ƙaramar fara tazarar ta koma 49.2. Idon da ya saba da ɗaya zai riƙa kuskure da ɗayar, musamman a bugun da fara ke shafar gefen ƙwallo kawai.

5.0 Darasi Ga Manazarcin Hausa

Inda al'adar wurin ita ce wanda aka cinye ya biya kuɗin tebur, wannan bambanci yana taɓa aljihu. Ɗan gari ya san halin fararsa, baƙo bai sani ba. Gwajin kuwa ba shi da wuya: a jera fara tsakanin ƙwallaye biyu, a ɗora sanda a kansu. Idan sanda ba ta taɓa ta ba, ƙarama ce. Idan sanda tana lilo a kanta, babba ce.

Ga mai aikin ƙamus, bai wadatar a fassara sinoka da "wasan tebur da sanda" ba. Ya kamata shigarwar ta nuna cewa ma'anar ta faɗaɗa a bakin Bahaushe har ta haɗiye ful iri biyu. Maƙalar na ba da shawarar kalmomi uku don bayyana halin fara bayan karo: tsaida-fara, ja-baya da bi-gaba. Shawara ce kawai. Kalmomin da 'yan wasan Ƙaura da Shinkafi da Zurmi ke furtawa a bakin tebur su suka fi cancanta a fara tattarawa.

6.0 Kammalawa

An ga cewa tazarar milimita uku tsakanin fara da sauran ƙwallaye tana sauya tsayawarta, da kusurwar fitarta, da wurin saiti. An kuma ga cewa Hausa na iya ɗaukar bayanin wannan lissafi. Malamin kimiyya a Zurmi da ke neman misalin karon abubuwa biyu yana da shi a teburin da ɗalibansa suka riga suka sani.